Abincin kifaye da ragar abinci a Kogin Neja

Ragar abinci ita ce dangantakar ci da ciyarwa da ke tsakanin halittun da ke zaune a wuri guda, wato wa ke cin wa. A Kogin Neja da rassansa wannan dangantaka tana farawa daga gansakuka da ciyawa da ruɓaɓɓen ganye, ta bi ta kan ƙwari da ƙananan kifaye, ta kai ga manyan mafarauta irin su giwan ruwa da tsage, sannan ta ƙare a kan tsuntsaye da kada da ɗan Adam. Kogin yana da tsawon kimanin kilomita 4,180 daga tsaunukan ƙasar Gini zuwa Tekun Atilantika, kuma ta jihar Kebbi yake shigowa Najeriya. Abincin kifi yana sauyawa a tsawon wannan tafiya, amma ko'ina hawa da saukar ruwa ne ke juya shi. A arewa ambaliyar damina ce ke kai kifi inda abinci yake. A kudu kuwa, inda kogin ke haɗuwa da teku, cikowa da janyewar teku ne ke kawo masa abincin har inda yake.

Sarƙa da raga

Sarƙar abinci layi ɗaya ce: tsutsar ƙwaro ta ci gansakuka, kawara ta ci tsutsar, tsage ya ci kawara, gaggafa ta sure tsage. A cikin ruwa da wuya a sami kifin da ke rayuwa a kan abinci iri ɗaya tak, shi ya sa sarƙoƙin ke harɗewa su zama kamar ragar masunci. Malamin Basra, al-Jahiz, ya yi bayanin yadda dabba ke zama abincin wata tun ƙarni na 9. A kimiyyar zamani Charles Elton na Ingila ne ya yaɗa tunanin a 1927, sannan a 1942 Raymond Lindeman na Amurka ya nuna cewa kaɗan ne daga ƙarfin abinci ke wucewa daga mataki zuwa na gaba da shi. Ƙiyasin da aka saba koyarwa shi ne kashi 10 cikin 100. Bisa wannan lissafi, kilo 1 na naman giwan ruwa yana bukatar kimanin kilo 10 na ƙananan kifaye, su kuma suna bukatar kilo 100 na ƙwari, ƙwarin kuma kilo 1,000 na tsirrai. Wannan ne dalilin da ya sa manyan mafarauta ba su da yawa a kowane ruwa.

Damina, rani da ambaliya

Ana iya ganin mafarin ragar a ƙananan rafuffuka irin na yankin Ribah, hedkwatar ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru. Yawancin rafuffukan wannan yanki na damina ne. Suna gudu idan ruwa ya zauna, da rani kuma su tsinke su bar kududdufai a cikin yashi da tsakanin duwatsu. Duk ruwansu a ƙarshe Neja yake zuwa, kuma babban gulbin da ya ratsa arewacin masarautar shi ne Gulbin Ka, wanda ya taso daga jihar Zamfara ya haɗu da Gulbin Sakkwato kafin shi ma ya faɗa Neja.

Ruwan farko yana wanke abin da rani ya tara a doron ƙasa: kashin shanu, tokar ƙunar daji, busasshiyar ciyawa da ganye. Wannan tarkace taki ne ga ruwa. Cikin 'yan kwanaki bakteriya da gansakuka suna yaɗuwa, sai ƙananan halittun da ke shawagi a ruwa, waɗanda masana ke kira filankiton, su biyo baya. A daidai wannan lokaci tarwaɗa ke haura rafuffuka da dare ta zuba ƙwai a cikin ciyawar da ruwa ya shanye. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, don haka 'ya'yan suna fitowa ne a lokacin da abincinsu ya fi yawa. Fitar shinge bayan ruwan farko ma rabo ne ga kifaye masu kiwo a saman ruwa, domin da yawa daga cikinsa a ruwa yake faɗawa.

A manyan fadamun Gulbin Sakkwato da na Neja abin ya fi haka girma. Idan gulbi ya cika ya fantsama, kifi yana barin kwarin gulbin ya bazu cikin burugu da bado da gonakin shinkafa, ya ci irin ciyawa da ƙwari da ruɓaɓɓen ganye. Mafi yawan girman da kifi ke yi a shekara a waɗannan watanni yake yin sa, kuma a nan yake tara kitse. Neja a jihar Kebbi tana da wata baiwa da sauran gulabe ba su da ita, wato tana cika sau biyu. Farar ambaliya tana zuwa daga wajen Agusta zuwa Oktoba da ruwan da aka yi a kusa, mai ɗauke da laka. Baƙar ambaliya ruwan da aka yi ne a Gini, wanda ya daɗe yana ratsa fadamun ƙasar Mali ya zubar da lakarsa a can, sai ya iso Najeriya da sanyin hunturu, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu.

Da rani ragar tana tsukewa. Kifayen da ba su koma gulbi da wuri ba suna maƙalewa a tafkuna da kududdufai. Masu cin ciyawa suna shiga yunwa su dogara da kitsensu, mafarauta kuwa kakarsu ta yanke saƙa, domin abincinsu ya taru wuri guda babu maɓoya. Zalɓe da tsari da kada suna samun rabonsu, mutanen gari ma suna fitowa su da koma da gora. Idan ruwa ya yi zafi ya dagule, iskar da ke cikinsa tana raguwa, sai kifayen da ke iya shaƙar iska daga sama su fi daɗewa: tarwaɗa, gartsa, tufi, bargi da yauni. Gaiwa ta fi su duka dabara. Tana nutsewa cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwashe watanni ba ta cin komai, tana rayuwa da naman jikinta har ruwa ya dawo. Daga nan ake kwatanta mutumin da ya koma cin abin da ya tara da gaiwa.

Masanin kamun kifi Robin Welcomme, wanda ya yi aiki da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nuna a shekarun 1970 cewa yawan kifin da ake kamawa a kogunan Afirka masu fadama yana bin girman ambaliyar shekara ɗaya ko biyu da suka gabata. A 1989 Junk da Bayley da Sparks suka tsara wannan tunani ya zama ƙa'ida a ilimin koguna. Sarkawa dai sun daɗe da sanin cewa shekarar da gulbi bai fita ba, kifin baɗi zai yi ƙaranci.

Rukunan kifaye bisa abincinsu

Siffar kifi tana nuna abin da yake ci. Mai cin tsirrai yana da dogon hanji mai naɗe-naɗe saboda ciyawa tana da wuyar narkewa, mafarauci kuwa hanjinsa gajere ne, cikinsa mai buɗewa. Bakin da ke kallon ƙasa na mai kiwo a laka ne.

A ƙasan raga akwai karfasa, wadda wasu ke kira gargaza. Tana cin gansakuka da filankiton, kuma ruwan cikinta yana da tsami ƙwarai, har yana fasa ƙwayoyin gansakukar da sauran kifaye ba sa iya narkarwa. Faliya tana tsotsar laushin laka da ke ƙasan ruwa ta tace abin da ke ciki. Burdo yana kankare gansakukar da ta manne a duwatsu da kututture da kaurin leɓensa. Bargi, ko balli, yana tace filankiton, yana kuma cin iri da tsutsotsi, kuma yana da ƙundu irin na kaza da yake niƙa su. Akwai kuma kifin da masana ke kira Distichodus, mai yagar ganyen ciyawar ruwa, wanda sunansa na Hausa ma bayanin abincinsa ne. Ana ce masa cihaki, wasu kuma ciciyawa, kuma ma'anar ɗaya ce, domin haki a Hausar yamma shi ne ciyawa a Hausar Kano.

A tsakiya akwai masu cin ƙwari da abin da ya samu. Miligi yana zura dogon bakinsa cikin laka ya zaƙulo tsutsotsi, kuma yana gano su a duhu da wata 'yar wutar lantarki da jikinsa ke fitarwa. Kurungu iri-iri ne. Wasu suna cin katantanwa da tsutsa a ƙasa, wasu kuma suna iyo a rigingine suna tace abin da ke saman ruwa. Kawara da shemani suna cin ƙwarin da suka faɗo da irin ciyawa da 'ya'yan itatuwan bakin gulbi kamar ɓaure. Talibambam yana da haƙora huɗu da suka haɗe kamar bakin aku, da su yake fasa katantanwa. Sunan nan ɗaya ne da na ɗan kwaɗo mai wutsiya, wataƙila saboda dukansu ciki ne a gaba. Tarwaɗa da ramboshi ba su da zaɓi: kifi, kwaɗo, ƙwari, hatsi, mushe, duk suna ci. Rashin zaɓin nan ne ya sa tarwaɗa ta fi kowane kifi sauƙin kiwo a Najeriya, shi ne kuma ya sa masu kiwo ke raba manya da ƙanana, don babbar tana cinye 'yar uwarta.

A sama akwai mafarauta. Tsage, ko zawai, yana farauta da ido a sararin ruwa da gudu da kaifin haƙora. Ragon ruwa yana farauta kusa da ƙasa, galibi da dare. Tufi da gartsa kwanton ɓauna suke yi cikin ciyawa. Minjirya tana sumar da ƙananan kifaye da wutar da kan kai wajen bolt 350. Giwan ruwa, Lates niloticus, shi ne babba. Yana iya kusan kai mita 2 da nauyin kilo 200, kuma shi ne kifin da aka fi cin gasa da shi a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934. A ƙa'idar nahawu giwar ruwa ya kamata a ce tunda giwa tamata ce, amma giwan ruwa ne ya fi yawo a baki da rubutu.

Wannan rabe-rabe na sauƙaƙa karatu ne kawai, domin kifi yana sauya rukuni yayin da yake girma. Ɗan giwan ruwa da filankiton yake farawa, ya koma ƙwari da jatan lande, kafin ya iya haɗiye kifi, kuma a lokacin ƙuruciyarsa shi ma abincin tarwaɗa ne.

Tafkin Kainji

Kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968 ya mai da wani ɓangare na kogin tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,300, wanda ya kai har Yauri. Ragar abinci ta sauya nan da nan. A shekarun farko faliya ta yi yawa ƙwarai, saboda itatuwa da ciyawar da ruwa ya shanye suna ruɓewa, daga baya ta ragu. Dangin miligi, waɗanda ke kiwo a ƙasan ruwa mai gudu, sun ja baya. Karfasa ta ƙaru a gefen tafkin, inda ruwa ke ja da baya duk shekara ciyawa ta tsiro, sannan ya dawo ya rufe ta. A tsakiyar tafkin kuma wasu ƙananan fararen kifaye dangin sardin, Pellonula da Sierrathrissa, sun yaɗu suna cin filankiton, suka zama babban abincin tsage da balo da matasan giwan ruwa. Ana kama su da taru mai ido kamar gidan sauro, wanda ke haɗawa har da 'ya'yan manyan kifaye, abin da ya sa aka hana amfani da shi a tafkin a ƙarshen shekarun 1990. Cibiyar binciken kifayen ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa ta samo asali ne daga aikin nazarin wannan tafki.

Mashigar teku

Bayan Binuwai ta haɗu da Neja a Lokoja, kogin yana gangarawa kudu ya rabu gida biyu, Nun da Forcados, sannan ya tarwatse cikin ɗaruruwan ƙoramu na yankin Neja Delta. Wurin da ruwan kogi ke gauraya da na teku shi ake kira mashigar teku. Ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, na kogi kusan babu, na mashiga kuwa zartsi ne da ke tsakanin biyun. Yawan gishirin yana sauyawa sau biyu a rana da cikowar teku, yana kuma sauyawa da lokacin shekara. Idan ambaliyar arewa ta iso wajen Satumba da Oktoba, tana tura gishiri waje, kifayen kogi su gangaro. Da rani gishiri yana shigowa ciki, kifayen teku su biyo shi.

Lakar da kogi ya ɗauko tana dunƙulewa ta kwanta da zarar ta gamu da gishiri. A kan wannan taɓo itacen mangurof ke tsirowa, mai saiwoyi a waje kamar ƙafafu, kuma dajin mangurof na Neja Delta shi ne mafi girma a Afirka. Kifaye kaɗan ne ke cin ganyensa kai tsaye. Ganyen yana faɗuwa, ƙaguwa ta yayyaga shi ta ja cikin rami, bakteriya su rufe gutsattsarin, sannan jatan lande da dodon koɗi da tsutsotsin laka su ci. William Odum da Eric Heald ne suka fara bayyana wannan hanya dalla-dalla a Fulorida ta Amurka a farkon shekarun 1970. Binciken baya ya nuna cewa gansakukar da ke kan taɓo da filankiton suna ciyar da kifi fiye da yadda aka zata da farko, amma aikin mangurof na zama maɓoya ga 'ya'yan kifi da na jatan lande bai ragu ba, domin babban mafarauci ba ya iya kutsawa tsakanin saiwoyin.

A 1973 Fagade da Olaniyan, waɗanda suka binciki cikin kifayen tafkin zartsi na Legas, sun kasa su gida uku: masu tace filankiton, masu kiwo a laka, da mafarauta. Bonga, Ethmalosa fimbriata, ita ce shugabar masu tacewa. Tana iyo baki buɗe, wasu siraran ƙasusuwa masu kama da mataji a maƙogwaronta suna riƙe filankiton ruwa ya wuce. Masu kiwo a laka sun haɗa da dangin Mugil, masu ƙundu kamar bargi, da wata karfasar zartsi mai baƙin haɓa. Warushe, wanda ake samu har a Kainji, yana cin ƙananan kawa da ƙaguwa a nan. Akwai ma wani ɗan kifi mai idanu a saman kai da ke fita daga ruwa idan teku ya janye, yana tsalle a kan taɓo yana kama ƙwari da ƙananan ƙaguwa. Mafarauta irin su barakuda da Pseudotolithus suna shigowa daga teku su ci jatan lande da 'ya'yan bonga. Bandar bonga da busasshen jatan landen miya da ake gani a kasuwannin arewa daga irin wannan ruwa suke fitowa.

Yadda ake bincike

Tsohuwar hanya ita ce a farke cikin kifi a duba abin da ke ciki da madubin ƙara girma, a ƙirga a cikin kifi nawa aka ga kowane irin abinci. Rauninta shi ne abincin ƙarshe kawai take nunawa, kuma kifin da ya kwana a raga yakan narkar da abin da ya ci ko ya amayar. Sabuwar hanya tana auna nau'o'in sinadaran kabon da naitirojin a tsokar kifi. Naitirojin mai nauyi yana ƙaruwa daga mataki zuwa mataki, don haka yana nuna matsayin kifin a raga, kabon kuma yana nuna irin tsiron da abincin ya samo asali.

Abubuwan da ke yanke raga

Madatsun ruwa suna rage ambaliya. Bayan gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, binciken William Adams ya nuna raguwar fadamar da ruwa ke rufewa a ƙasan madatsar tare da raguwar kamun kifi. Zuba guba a kududdufan rani, ko ta gargajiya kamar majimfa ko maganin ƙwari irin Gamalin, yana kashe iyayen da za su hayayyafa da damina tare da ƙwarin da 'ya'yansu za su ci. Wasu gubobin ba sa fita daga jiki, taruwa suke yi daga mataki zuwa mataki. Zaibar da masu haƙar zinariya ke amfani da ita tana cikinsu, kuma ta fi taruwa a manyan mafarauta, wato kifayen da suka fi tsada a kasuwa. A Neja Delta malalar ɗanyen mai tana kashe mangurof da halittun taɓo, kamar yadda rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni ya nuna a 2011. Wani ɗan kwakwar ruwa da ake kira nipa, wanda aka kawo Kalaba daga Singafo a 1906, shi ma yana mamaye wuraren da aka sare mangurof.

Misalin da ya fi nuna yadda mashigar teku ke shafar mutanen da ke nesa da ita ya faru ne a Kogin Senegal. Akwai wani babban jatan lande na kogi, Macrobrachium vollenhovenii, wanda ke rayuwa a ruwan daɗi yana cin katantanwa, amma dole 'ya'yansa su fara girma a ruwan zartsi kafin su hauro. A 1986 aka kammala madatsar Diama kusa da bakin kogin don hana gishiri shiga gonaki. Madatsar ta toshe hanyar jatan landen, ruwan da ke bayanta ya zama mai daɗi a tsaye cike da ciyawa, katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya ta yaɗu, kuma cikin 'yan shekaru cutar ta ɓarke a garin Richard Toll da ƙauyukan kewaye. A wani gwaji da aka wallafa sakamakonsa a 2015, an mayar da jatan landen wani mashayin ƙauye da aka killace da raga, sai katantanwa masu ɗauke da cutar suka ragu, yawan ƙwayayen cutar a jikin mazauna ƙauyen ma ya ragu idan aka kwatanta da ƙauyen da ba a saka ba. Irin wannan jatan lande yana rayuwa a ƙasan Kogin Neja da sauran kogunan gaɓar Najeriya.